Abin da nake nema a cikin tsohuwar PS3

Ɗakunan wasan bidiyo da na sani a Yamai sun koma PS4, an ture tsofaffin PS3 gefe suna shan ƙura. Ni kuwa in na ga ɗaya a kasuwar Katako sai na tsaya na juya ta, in ga ko mai ƙibar nan ce ta farko. Ba ƙwallo nake son bugawa ba. Abin da ke cikinta nake so, wato Cell, ƙwaƙwalwar da Sony da Toshiba da IBM suka haɗu suka ƙera, wadda PS3 ta fito da ita a 2006.

Cell na da shugaba guda, PPE, da ma'aikata takwas, SPE. A PS3 an kashe ɗaya, na'urar ta riƙe ɗaya don kanta, shida suka rage wa wanda ya ɗora Linux, manhajar da ke ba mutum damar amfani da PS3 kamar kwamfuta. Masana suka ga banza ta faɗi, don Sony na sayar da ita ƙasa da kuɗin ƙera ta. Gaurav Khanna na jami'ar Massachusetts Dartmouth ya haɗa PS3 guda 16 yana lissafin baƙaƙen ramukan sararin samaniya. A 2010 sojojin saman Amurka suka haɗa 1,760.

Sai dai rubuta mata manhaja ba wasa ba ne, kuma nan ne daɗin yake. Kowane SPE na da ma'aji na kansa mai KB 256 kacal, a nan za ka cusa umarni da bayanai duka. Ba ya miƙa hannu kai tsaye cikin babban ma'ajin na'urar, sai kai ka umarci DMA, sashen da ke jigilar bayanai tsakanin ma'ajai, ta ɗebo masa. Kamar mai ƙosai ce da ƙaramin kasko: in sai ta kwashe sannan za ta fara buga wani ƙullun, wuta na ci a banza. Don haka ake raba ma'ajin biyu, ana lissafi a rabi, ana loda na gaba a ɗayan. Ranar da wani ƙanena da ke karatu a jami'ar Abdou Moumouni ya gane wannan, cewa ya yi, "Yaya, ashe ɗaukar kayan ya fi lissafin cin lokaci!" Ni a ganina wannan darasin ya fi saurin na'urar daraja, tunda katin zane na yau, wanda ke sarrafa hotuna a kwamfuta, ya bar ta nesa, amma shi ma da irin wannan tunanin ake sarrafa shi.

In za ka saya, ka duba sigar manhajarta tun a gaban mai kaya. A watan Afrilun 2010 Sony ta fitar da siga 3.21 ta rufe ƙofar Linux, siririyar PS3 kuwa dama ba ta zo da ita ba. Ka kuma buɗe ta ka share fankar kafin zafin Afrilu ya kama.