Tarihin Rayuwata, Kashi na 17: Takardun da Ruwa Ya Ci

Makon jiya na tsaya a safiyar da muka buɗe shago muka tarar ruwa ya kai mana gwiwa. A watan Agustan 2022 ke nan, lokacin da ambaliya ta shiga Kantin Kwari ta jiƙa dukiyar bayin Allah. Kowa ta dilolinsa yake yi. Yara na ta jidar atamfa da shadda suna hawa bene da su, wasu na kwarfe ruwa da bokiti. Ni kuwa hankalina yana ƙarƙashin tebur, inda kwamfutar ofis take ajiye a ƙasa, kusa da kwalaye biyu na fayil-fayil.

A lokacin na shekara tara ina yi wa Alhaji, mai shagon, akawu. Wanda bai san harkar shigo da kaya ba gani yake kwantena ita ce dukiya. Ita kuwa kwantena ba ta motsi sai da takarda: takardar farashi daga kamfanin da ke Guangzhou, takardar lissafin abin da aka loda dila-dila, takardar jirgin ruwa, Form M, wato takardar neman shigo da kaya, daga banki, PAAR, wato rahoton kimanta kaya kafin su iso, daga Kwastan, sai rasit-rasit na ejen da ke fitar mana da kaya a tashar jirgin ruwa ta Apapa. Kusan dukkansu ta imel suke zuwa, a liƙe da saƙo. Aikina in buɗe, in sauke a kwamfuta, in buga kwafi ɗaya in sa a kwali.

Ga inda na yi kuskuren da har yau in na tuna sai gabana ya faɗi. Google na ba kowane asusu wurin ajiya na gigabait 15 kyauta, kuma wannan ɗin ne Gmail da Drive, wato ma'ajiyar fayil ta Google, da hotuna suke rabawa. Wajen azumin wannan shekarar akwatinmu ya cika, saƙonni suka daina shigowa. Sai na zauna dare ɗaya na goge tsofaffin saƙonni masu nauyi, ina cewa a raina ai duk na sauke su, ga su a kwamfuta, ga su a kwali. Ban san abin da aka jefa a kwandon shara na Gmail kwana 30 kawai yake yi ya tafi har abada ba. Ashe duk ƙwayayen na tara su a kwando ɗaya, kwandon kuma na ajiye shi a ƙasa.

Na kai kwamfutar wajen masu gyara a titin Beirut. Kwana uku tana can. Mai gyaran ya miƙo min ita ya ce, "Malam, sai haƙuri, laka ta shiga cikin ma'ajiyar." Takardun kwali kuwa sun manne sun zama kamar fura.

Bayan wata guda kwantenarmu ta iso, aka ƙirga aka ga dila goma sha ɗaya babu. Na rantse na san adadin da muka yi yarjejeniya a kai, domin ni na karanta wa Alhaji takardar da bakina. Amma ina takardar? Da muka nemi kamfanin ya sake turowa, sai suka turo wata mai adadin da ya yi daidai da abin da ya iso. Ba mu da abin nunawa. Alhaji ya daɗe yana jan carbi, sannan ya ɗago ya ce, "Malam, bar shi. Abin da Allah ya rubuta ba ya gogewa." Da zagina ya yi da ya fi min sauƙi. Mako biyu ina juyi a shimfiɗa, uwargida na tambaya ko zazzaɓi ne.

Wata Juma'a bayan an sauko daga masallaci, ɗan yayata da ke karatun kwamfuta a Jami'ar Bayero ya zo gaishe ni a Fagge. Muna cin dambu na ba shi labari. Ya ajiye cokali ya ce, "Kawu, ai wannan aikin ba naka ba ne. Na'ura ya kamata ta riƙa yi, ko kana barci."

Bari in tsaya a nan in yi bayani dalla-dalla, don na san a cikin masu bin wannan labari akwai akawuna da masu shaguna da suke kan irin hanyar da na bi.

Da farko ya sa na lissafa masa adireshin duk waɗanda ke turo mana takardun gaske: kamfanoni uku, banki, da ejen. Ya shiga saitin Gmail ya kafa matata, wato ƙa'idar da ke cewa duk saƙon da ya fito daga waɗannan, kuma yake ɗauke da takarda a liƙe, a manna masa alama mai suna "Kaya". Na tambaye shi me ya sa ba za a kwashe na kowa da kowa ba. Ya ce na'ura ba ta san ɗan halas ba, in ka bar ƙofa a buɗe har takardun 'yan damfara masu ɗauke da cuta za ta kwaso ta jera maka.

Sannan ya buɗe wani abu na Google da ake kira Apps Script, kyauta ne ga duk mai asusu, ya rubuta umarni da bai cika shafi ɗaya ba. Ya fassara min shi da Hausa: je ka duba saƙonni masu alamar "Kaya", ɗauko abin da ke liƙe, kai shi jakar Drive ta wannan wata, sa masa kwanan wata da sunan wanda ya turo, sannan ka canja wa saƙon alama zuwa "An adana" don kada ka sake ɗauko shi. Ya ɗaura masa agogo, kowace awa ɗaya ya tashi ya yi aikinsa ko da wayata da kwamfutata a kashe suke, domin a can wajen Google abin ke gudana. Batun suna ɗin nan ba ƙaramin abu ba ne. Kamfanonin nan kowace takarda suna ɗaya suke ba ta, sai ka tara ashirin ba ka san wacce ce ta wace kwantena ba.

Washegari na buɗe jakar na tarar da tarkace, ƙananan hotunan tambarin kamfani da ke ƙasan kowane saƙo duk ta kwaso su. Ya dawo ya gyara, ya ce daga yau takardun PDF da na Excel kawai. Ya kuma faɗa min gaskiyar da ban so ji ba: Drive ɗin da Gmail ɗin rumbu ɗaya suke ci, don haka cikar da ta sa na yi goge-goge za ta dawo. Na je wa Alhaji da maganar, ina jin nauyi. Ya ce, "Nawa ne?" Da na faɗa masa kuɗin gigabait 100 a wata, sai ya ce ko ɗan dako ɗaya ya fi haka a yini. Muka biya. Aka buɗe wa Alhaji da babban ɗansa jakar su riƙa gani daga wayoyinsu, amma ba su da ikon gogewa. Masu amfani da imel na Outlook ma suna da irin wannan hanya, ana haɗa shi da OneDrive, ma'ajiyar fayil ta Microsoft, ta wani abu da ake kira Power Automate, wani maƙwabcinmu mai leshi da ita yake aiki.

Abu ɗaya ya rage a wuyana. Yawancin mutanenmu ta WhatsApp suke turo takarda, mutanen Sin kuma ta WeChat, na'urar kuwa imel kawai take gani. Sai na ɗaura wa kaina doka: duk takardar da ta shigo ta waya, kafin in amsa sallamar kowa, sai na tura ta imel ɗin shago. Muka ƙara adireshina a cikin matatar.

A azumin 2023 Alhaji yana Madina wajen Umra ya kira ni ana dab da shan ruwa, banki na neman takardar jirgi ta wata kwantena da ta shigo tun Disamba. Ina cikin adaidaita sahu, cunkoso ya tsare mu a Ƙofar Mata. Na buɗe jakar Disamba a waya, na ga takardar da kwanan watanta, na tura. Kafin a kira sallah ya sake bugowa ya ce, "Allah ya yi maka albarka, Malam." Na kifa kaina a gwiwa, mai adaidaita ya waiwayo ya tambaye ni ko lafiya.

A daren nan bayan tarawihi na sake shiga jakar ina dubawa, sai na ga takardun farashi biyu daga kamfani ɗaya, kaya iri ɗaya, kuɗi iri ɗaya, tsakaninsu kwana huɗu. Na jera su gefe da gefe. Lambar asusun bankin da za a tura kuɗin ce ta bambanta, kuma a ranar Litinin ɗin da ke tafe aka shirya biya.

Daga nan zan ɗora mako mai zuwa, in Allah ya kai mu.