Rajistar akurki: sagarar da ta yi ƙwai biyu a yini ɗaya

Assalamu alaikum 'yan uwa masu koyon kiwo. Ga inda aka kwana a akurkin gwajin nan mai sagaru goma, Shika Brown (wani irin kajin ƙwai) shida da kajin Hausa huɗu.

Mako na 21 da ƙyanƙyashe su. An tsinci ƙwai bakwai a ɓangaren Shika Brown, alhali su shida ne. Na bakwan ba shi da ɓawo, sai wata fata mai laushi kamar leda, in ka taɓa ya lotsa. Kada wannan ya burge kowa. Ƙwai ɗaya yana cin awa 24 zuwa 26 a cikin kaza, kuma kusan awa 20 daga ciki wajen gina ɓawo suke tafiya. Idan sagara ta saki gwaiduwa biyu kusa da juna, ko dai su haɗu a ƙato ɗaya mai gwaiduwa biyu, ko na biyun ya biyo bayan na farko babu ɓawo. Sabbin fara ƙwai sun saba da haka, jikinsu bai daidaita ba tukuna. In ya wuce mako uku yana maimaituwa, a duba fitila. Hasken da ya yi yawa da wuri yana tilasta wa ƙaramar kaza, har ƙaton ƙwai ya fito mata da baya, sauran su bi ta da tsattsaga.

Rana a Kano tana kaiwa awa 11 da rabi a Disamba, kusan 13 a Yuni. Mai ƙwai tana son hasken awa 14 zuwa 16. Ƙwan fitilar sola ɗaya ya isa, amma a riƙa ƙara minti 30 kowane mako, kuma kada a bar shi ya kwana a kunne.

Mako na 23. Aka fara rubuta lokacin kowane ƙwai a bangon akurki da alli. Wata ta yi ƙarfe bakwai na safe, washegari takwas da rabi, kashegari wajen goma. Da abin ya kusanto la'asar sai ta tsallake rana guda, ta dawo da sassafe. Wannan fashi ba cuta ba ne, lissafin awa 26 ɗin nan ne yake cika. A ganina wannan alli ya fi duk wani maganin ƙarin ƙwai amfani.

Mako na 26, tsakiyar Afrilu. Ƙwai ya ragu, ɓawo ya yi siriri har yana fashewa a hannu. Kaji sun buɗe baki suna haki, fukafukai a sake. Hakin nan yana fitar da iskar da jiki ke buƙata wajen haɗa ɓawo, ga shi zafi ya hana su ci. Aka shimfiɗa zana a kan rufin kwano, aka mayar da ciyarwa bayan asuba da kuma bayan la'asar, ruwa kuwa daga randa, ana sauyawa sau uku a yini. Kowace kaza gram 110 zuwa 120 na abincin masu ƙwai, a auna da sikeli. Dusa da tsaki kaɗai ba sa riƙe mai ƙwai. Ɓawo ɗaya yana ɗauke da kalsiyam (sinadarin da ke gina ƙashi da ɓawo) wajen gram 2, ita kuma sai ta ci kusan gram 4 kullum. A ajiye garin ƙashi ko ɓawon ƙwai a wani kwano daban da yamma, domin da dare ake gina ɓawo. A gasa ɓawon a daka shi tukuna, in ba haka ba za su koyi fasa nasu.

Kajin Hausa kuwa nasu tsarin daban. Takan yi 10 zuwa 15 ta tsaya, ta hau kwanci kwana 21, sannan renon 'yan tsaki. Mai son ƙwai ya riƙa kwashewa kullum. Wadda ta nace da kwanci a sa ta a keji mai iska, babu shimfiɗa, kwana uku.

Idan duk garken ya yanke ƙwai lokaci guda, ga koren kashi da murɗewar wuya, musamman da hunturu, a ware marasa lafiyar nan take a kira likitan dabbobi, domin alamun cutar Niyukasil ke nan. Rigakafin cutar, mai suna LaSota, na akurkin nan ya faɗo mako mai zuwa, a ruwan sha, da sassafe kafin rana ta ɗaga.