Idan malamin makaranta ya rasu yana bakin aiki

Abin da ke ci mini rai shi ne ganin iyalan malami suna yawon ofis-ofis shekara guda, alhali haƙƙinsu na nan ajiye. A dokar fansho ta tarayya ta 2014, haƙƙin kashi biyu ne. Akwai kuɗin asusun mamacin a kamfanin fansho, inda ake zuba kashi 8 cikin 100 daga albashinsa, wanda ya ɗauke shi aiki ya ƙara 10. Sai inshorar rai, aƙalla ninki uku na albashin shekara. Wannan na biyun da yawa ba su ma san da shi ba.

Inda ake tuntuɓe: sunan magajin da ke fom ɗin kamfanin fansho ba ya isa a ba shi kuɗin asusun. Sai an kawo takardar shaidar rasuwa, wasiƙar wurin aiki, da takardar izinin kula da dukiyar mamaci daga kotu ko wasiyyar da kotu ta tabbatar. Suna ko ranar haihuwa suka saɓa tsakanin takardu, fayil ya tsaya.

Malaman jiha kuwa, ku duba dokar jiharku, ku tambaya ko ana zuba kuɗin duk wata.