Godiya bayan injin jirginmu ya koma ruwa

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Alhamdu lillahi, jiya bayan sallar la'asar ƙanena ya kira ni daga bakin Tafkin Chadi, bai tsaya gaisuwa ba ya kara wayar kusa da injin, na ji yana tafiya sumul da cikakken kaya a cikin jirgi. Ina zaune a ƙofar gida nan Damagaram, na kasa cewa komai sai hamdala. Makonni tara ke nan rabona da barcin kirki, kuma tunda yawancinku kun bi abin tun daga daren da injin ya mutu musu a tsakiyar ruwa har zuwa ranar da aka ɗora shi a mota ya koma gabas, ba zan sake tayar da labarin wannan dare ba. Abin da zan ce kawai shi ne, duk wanda ke da ɗan'uwa a tafki ya san abin da ke zuwa zuciyar mutum idan magariba ta yi, iskar hunturu tana kaɗawa, aka ce masa jirgi ya tsaya cak tsakanin ciyayi da mutum uku a ciki, ɗaya daga cikinsu ɗansa na fari. Mai jirgin da ya juyo ya ɗaura musu igiya ya jawo su har gaɓa, ban taɓa ganin fuskarsa ba, Allah ya tsare shi a ruwa da tudu, shi da zuriyarsa.

Laifin mutuwar injin nawa ne, kuma gara in faɗa da bakina. Yamaha Enduro ne mai ƙarfin doki 25, irin wanda ake gauraya wa fetur da man inji, ya yi mana aiki shekara da shekaru ba tare da ya ba mu kunya ba. Sau biyu ƙanena yana aiko mini cewa ruwan da injin ke fitarwa ta baya, wanda masu jirgi ke kira fitsarin inji, ya rage ƙarfi, ni kuwa na ce a lallaɓa har a kawo bandar farko. Ashe yashi da ciyawa sun cinye robar da ke cikin famfon ruwan, wadda ita ce ke tura ruwan sanyaya inji zuwa sama. Da ta gama gutsurewa ruwa ya yanke, zafi ya yi yawa, fistan na sama ya kumbura ya kama jikin silinda ya karce ta. Robar da kuɗinta bai kai na buhun gawayi biyu ba ita ce ta ja mini wannan doguwar wahala.

Wasu sun yi mamakin abin da ya sa na ɗauko injin jirgin ruwa tun daga Gigimi, kusan kilomita 600 ta Diffa da Maine da Gure, na kawo shi garin da ba shi da kogi. Saboda Baba ne. Ya hana ni ambaton sunansa, zan tsaya a kan abin da kowa ke kiransa a Sabon Gari, wato Baba bakanike, wanda ya daɗe yana gyaran injinan jirage a bakin tafki kafin fitina ta dawo da shi gida ya koma gyaran injinan ban-ruwa da babura. Ranar da ya buɗe injin ya daɗe yana shafa cikin silinda da yatsa, sannan ya ce: "Ɗana, wannan bai mutu ba, suma ya yi." Ni kuma da na ji haka sai kwaɗayi ya taso mini, na ce tunda an riga an buɗe, a ƙara masa ƙarfi yadda zai ture iska ko da jirgi ya cika da kwalayen banda, domin da ma rashin ƙarfin da yake yi a gaban iska ya daɗe yana damunmu.

A nan ne na koyi abin da ban sani ba duk shekarun da na yi ina cin abinci da wannan inji. Baba ya nuna mini cewa mai doki 25 da mai doki 30 na wannan samfuri gangar jikinsu ɗaya ce, silinda biyu, girman ciki cc 496, faɗin kowane fistan milimita 72, kuma babban abin da ya raba su shi ne numfashi, wato yawan iska da man da ake bari su shiga. Na ɗauka faɗaɗa silinda da za a yi shi ne zai kawo ƙarfi, sai ya yi dariya ya lissafa mini cewa ko an ƙara rabin milimita, abin da zai ƙaru bai wuce cc 7 ba, amfaninsa kawai a share karcewar a dawo da matsi yadda yake tun farko. Na kuma matsa masa a kankare kan injin, abin da muke kira kilas, don matsi ya ƙaru kamar yadda samari ke yi wa babura. Ya ƙi ƙememe. Ya ce fetur ɗin da ake samu a tsibirai yawancinsa ruwa-ruwa ne na cikin bido, yau mai kyau gobe gauraye, kuma injin da aka matse da yawa idan ya sha irin wannan sai wutar ta riƙa tashi kafin lokacinta har ta huda kan fistan. Na yi fushi na kwana biyu ban je garejin ba. Baba, ina neman gafararka a gaban jama'a, kai ne da gaskiya.

Gangar injin ta tafi Kano ta Matamai da Daura, inda aka faɗaɗa silindojin biyu zuwa milimita 72 da rabi aka haɗo su da fistan da zobba masu wannan awo. Direban da ya kai ta ya dawo da ita bai karɓi ko dala ba, kuma shi ne ya sha yawon kasuwa da ƴar takardar da Baba ya rubuta, yana fassara, domin abin da muke kira karbirato mutanen Kano kafireta suke cewa, buji kuma filogi, rulma kuma boris. Allah ya kiyaye masa hanya. Da kayan suka iso, Baba ya sa sababbin rulma da robobin da ke toshe bakin bilbirikan, wato sandar ƙarfen da fistan ke juyawa, ya kankare baƙin hayaƙin da ya toshe mafitar hayaƙi har ya rage mata faɗi, ya sauya ƴan fallayen ƙarfen da ke buɗewa da rufewa a bayan karbirato, ya ɗora karbirato irin na mai doki 30, ya daidaita lokacin tashin wuta. Da ya zubar da man giya na ƙasa sai ga shi fari kamar madara, alamar ruwa ya shiga, ashe zaren taru ne ya naɗe a bayan farfela ya yanke robar wurin. Da ba a buɗe ba, wannan ma wata musiba ce da ke jiran ranarta.

Farfelar ma ya sauya ta, kuma a ganina rabin abin da muka samu daga nan ya fito. Wadda ke kai tun da mai takun inci 12 ce, ta dace da jirgi marar nauyi, mu kuwa namu na katako ne mai ɗaukar kaya, saboda haka injin ba ya taɓa kai juyin da aka yi shi dominsa, wato tsakanin 4,500 da 5,500 a minti ɗaya idan an buɗe masa wuta gaba ɗaya. Ya mayar da ita mai inci 10 da rabi, ya ce kamar mai babbar mota ne ya sauko giya a kan tudu.

Yanzu ga abin da ya sa na zauna rubuta wannan saƙo. Injin jirgi ba a tayar da shi a bushe, ko na ɗan lokaci kaɗan ne, domin sabuwar robar famfon za ta ƙone nan take, dole a tsoma ƙafarsa cikin ruwa har ya rufe ramukan da yake sha ta cikinsu. Ranar da aka gama haɗawa mun sami tano, wato duro, na lita 200, mun kafa katako mun ɗaure injin a bakinsa, amma bazara ta shigo, famfon unguwar ya kwana uku bai kawo ba, kuma duk wanda ya zauna a Damagaram ya san darajar bido ɗaya a irin wannan lokaci. Motar da za ta wuce Diffa da asubar washegari aka shirya, kuɗin hannuna kuwa sun ƙare ƙaf, har na abincin yamma sai da uwargida ta nemo. Muna tsaye cirko-cirko sai ga wani ɗan ga-ruwa, dattijo ne siriri, yana turo kurarsa da bido goma, gumi ya jiƙa masa riga, da gani tun asuba yake layi. Ya tsaya yana kallon injin da ke rataye, ya ce: "Maigida, wannan wane irin inji ne mai ƙafa ɗaya?" Yaron Baba ya ba shi labarin a taƙaice, har da daren da aka jawo su da igiya.

Bai ce komai ba, ya jingina kurar ya fara sauke bido. Na tare shi na ce: "Malam, tsaya, ba ni da abin biyanka yau." Baba ma ya gaya masa cewa hayaƙin injin ta cikin ruwan yake fita, da zarar an tayar ruwan ya ɓaci da mai, ko dabba ba za ta sha ba. Ya ce ya ji. Ya juye na farko, ya juye na biyu, har goman nan, yana yi yana goge bakin kowane bido da tafin hannu kamar yadda suka saba don kada ɗigo ya zuba a ƙasa. Da ya gama ya ce ladansa ɗaya ne, a bar shi ya ga yadda abin ke tashi, domin bai taɓa ganin jirgin ruwa ba tunda aka haife shi.

Baba ya yi bisimilla ya ja igiya. Ja na farko shiru, na biyu ya yi tari ya mutu, gabana ya faɗi har na dafa bango. A na uku ya kama, shuɗin hayaƙi ya turnuƙe garejin, ruwan tano ya shiga tafasa kamar tukunyar tuwo, amma Baba bai ɗaga kai ba, idonsa na kan ɗan ramin da ke bayan injin. Da ruwan ya fito tsiri-tsiri da ƙarfi ya bugi ƙasa, sai dattijon nan ya tuntsire da dariya yana tafa hannu yana cewa: "Ga shi nan, ya sha ruwana ya yi fitsari!" Kowa ya yi dariya, ni kuwa hawaye ne suka zubo mini. Kafin in dawo hayyacina ya ɗaure bidonsa babu komai a ciki ya tura kurarsa ya tafi, cinikin yininsa gaba ɗaya yana cikin tanon nan. Ya Allah, kai ka ga abin da bawanka ya zuba, ka shayar da shi daga Alkausara, ka shayar da iyayensa, ka ɗauke masa turin kura da arzikin da bai zata ba, ka sa ƴaƴansa su ji ƙansa, kada ka bar shi da ƙishirwa duniya da lahira.

Ƙanena ya bi umarnin Baba sau da ƙafa. Sa'o'i 10 na farko ya ninka man gaurayen, lita ɗaya cikin lita 25 ta fetur, ba tare da ya buɗe wuta gaba ɗaya ya daɗe a haka ba, sai bayan nan ya koma rabin lita kamar yadda aka saba. Kafinta ya ƙara wa allon bayan jirgi katako mai kauri saboda ƙarin turi. Kada wani ya ɗauka jirgin ya zama mai tashi sama, doki biyar ne suka ƙaru, kuma gudun jirgin katako mai nauyi ba ya sauyawa sosai. Inda aka ga bambanci shi ne gaban iska da cikin ciyawa, wuraren da a da sai an haɗa da gora, yanzu yana wucewa bai kai ƙarshen wutarsa ba. Idan aka buɗe shi duka yana shan fetur fiye da da, wannan kuwa mun sani tun kafin a fara.

Ina godiya ga uwargida da ta sayar da tumakinta biyu ba tare da na roƙa ba, da ƴan'uwana masu sayar da banda a Kasuwar Dole da suka yi mini karo-karo, da limamin masallacinmu na Birni da ya sa aka yi ta addu'a a wancan dare, da yaron Baba da ya kwana biyu yana wanke ƙananan ramukan karbirato. Allah ya saka wa kowa da mafificin alheri, ya rufa muku asiri kamar yadda kuka rufa mini. Akwai kuma dangi na jini a Yamai da Agadas waɗanda kwalin kifi bai taɓa wuce su ba duk shekara, makonni taran nan ko kiran jaje ban samu daga gare su ba. Wataƙila hidima ce ta yi musu yawa, Allah ya sa lafiya ce.

Waɗanda suka ba ni rance, in Allah ya yarda da zarar motar banda ta farko ta sauka zan bi ku gida-gida. Dattijon ga-ruwa kuwa sau huɗu ina zagaya famfunan Sabon Gari da na Garin Malam ban gan shi ba. Siriri ne mai furfura a gemu, kurarsa tana da shuɗin fenti da taya ɗaya na babur. Duk wanda ya san shi, don Allah ya gaya masa ya biyo ta garejin Baba, akwai kwalin tarwaɗa da zan ajiye masa a can, kuma ƙanena ya turo hoton jirgin a kan ruwa don ya gani.