Bidiyon Uromi da yaron da aka kama a layinmu

Ni dai ban nemi bidiyon nan ba, shi ya zo ya same ni. Ƙarshen Maris 2025 ne ana cikin goman ƙarshe na azumi, mun sha ruwa muna zaune a majalisarmu nan Jekadafari sai ga shi ya faɗo a guruf ɗin 'yan ajinmu na WhatsApp, kafin in ankara ya sauka da kansa ya buɗe. Mafarauta 16 'yan Arewa, sun taso daga Fatakwal za su Kano yin sallah, aka tare su a Uromi ta jihar Edo aka ce masu garkuwa da mutane ne saboda an ga bindigogin farauta a motar, aka yi ta dukansu aka ɗora musu tayoyi aka cinna wuta. Wallahi ranar ko tuwon sahur ban iya haɗiya ba.

Amma abin da ya fi tsaya min a rai shi ne yadda wayar ta yi ta yawo hannu zuwa hannu. Wannan ya ce maido baya in ga wurin, wancan ya ce turo min. Kowa na innalillahi kuma kowa na sake kallo. Na tuna 2012 lokacin ɗaliban nan huɗu na jami'ar Fatakwal da aka ƙone a Aluu, ta Bluetooth muke karɓa, kuma mutum sai ya yi sati abin na dawo masa a barci. Yanzu fa? Ka gama kallon ana ƙona mutum, ka ja yatsa sama, sai ga barkwanci, ka yi dariya ka wuce.

Bayan sallah da kamar wata biyu aka yi ihun ɓarawo a layinmu, wai wani yaro ya zare waya a shagon caji. Bai fi shekara 17 ba, silifas ɗinsa ɗaya ya fita, leɓensa ya fashe yana ta cewa don Allah ku kai ni wajen 'yan sanda. Masu ɗaga waya suna ɗauka sun fi masu dukan yawa. Can cikin hayaniyar na ji an ce a kawo taya! Na juya, ɗan yayata ne, yaron da ko kaza bai taɓa yankawa ba, wanda da bakinsa ya tsine wa mutanen Uromi a gabana.

A ina ya koya? Ba a taɓa ƙona kowa a unguwarmu ba. A waya ya gani, ya gani har ya haddace, duka, taya, fetur, ashana. Mu da muke turawa muna cewa don duniya ta ga zalunci ne, to duniya ta gani, yaranmu ma sun gani.

Allah ya taimaka wani dattijo ya fito daga masallaci ya rungume yaron ya ce sai dai a haɗa da shi, har motar 'yan sanda ta iso.

Da daddare na kira ɗan yayar nawa na ce, kai, da an kawo tayar kai za ka ɗora masa? Ya sunkuyar da kai ya daɗe bai ce komai ba, can ya ce Kawu wallahi ban san lokacin da maganar ta fito daga bakina ba.