Kayan rage ruwa da wuta a tsohon gidan haya, abin da muke gani a bakin aiki

Sana'ata aikin famfo ce da wayarin, ina da ɗan shago a Kano da yaran da muke fita aiki tare, kuma yawancin aikinmu a tsofaffin gidajen haya ne na Fagge da Sabon Gari da Birget da Kurna, irin gidan nan mai ɗakuna birjik, banɗaki biyu, famfo ɗaya a tsakar gida. Tun da aka cire tallafin mai a watan Mayun 2023 kuɗin tada janareta a buga ruwa ya tashi, sannan a Afrilun 2024 hukumar kula da wutar lantarki ta NERC ta kai wutar Band A, wato rukunin da aka fi ba wuta, naira 225 kowane yunit, sai masu gidaje suka fara zuwa mana da magana iri ɗaya, a cire tsofaffin kaya a saka na zamani masu rage shan ruwa da wuta. Ni ba na ƙin kayan nan, ina saka su kuma ina cin abinci da su. Amma a tsohon gida na talakawa sau da yawa wahala suke ƙarawa, kuma ɗan haya ne yake kwasar ta, shi yasa nake son in yi bayani dalla dalla.

Bari in fara da masai tunda shi ne ya fi kawo mana kira. Tsohon tankin masai yana sakin lita 9, wasu ma har 13 a fulashin ɗaya. Na yanzu mai maɓalli biyu a sama lita 6 ne babba, ƙaramin kuma 3. Wannan awon ba don gidajenmu aka yi shi ba, a Amurka ma dokar 1992 ce ta tsayar da galan 1.6 wato kusan lita 6, kuma can ruwa yana zuwa da ƙarfi a layi, a tace. To mu fa? fayif ɗin da ke ƙarƙashin ƙasa a gidajen nan mai inci 4 ne, wani na ƙarfe ya ci tsatsa cikinsa ya yi kaushi, wani ƙasa ta zauna da shi ya lotsa a tsakiya. A ƙa'ida kamata ya yi a ce yana da gangara, duk mita 40 ya sauka mita 1, amma da yawa idan ka buɗe cemba, wato ramin duba layin ƙazanta, ka duba zaka ga kusan a kwance yake. Ruwa mai yawa ne yake tura ƙazanta har ta kai sokawe. Idan ka rage shi zuwa lita 6 ko 3 sai ruwan ya wuce abinsa ya bar kayan a hanya, yau kaɗan gobe kaɗan, kafin wata biyu layi ya toshe, wari ya cika tsakar gida inda mata suke girki yara suna rarrafe.

Kuma abin da ya fi damuna, wasu masu gidan don rage kuɗi tankin kawai suke so a canja a bar tsohon kwanon masan. Shi kwanon an ƙera shi ne daidai da lita 9, ba zai wanku da 6 ba. Me zai faru? mutum ya danna sau biyu, lita 12 kenan, ko ya bi da bokiti guda. Ina ragin yake?

Sai maganar maɓallin kansa. Tsohon tanki mai hannu a gefe da zuƙo yake aiki, idan baka ja hannun ba ruwa ba shi da hanyar da zai bi ya sauka, ko ya lalace dai ya ƙi yin fulashin. Sabon kuwa wata 'yar roba ce a ƙasa take riƙe ruwan, kuma ruwan bohol ɗinmu yana zuwa da yashi, ƙwaya ɗaya ta maƙale a ƙarƙashin robar shikenan zai dinga tsiyaya cikin kwano a hankali ba ƙara ba komai, dare ɗaya ya zuƙe tankin sama. Da asuba a tashi alwala ba ruwa, a fara zargin juna, wannan ta ce matar ɗakin can ce ta yi wanki da daddare. Na sha shiga gida in tarar ana gaba a kan ruwa alhali robar da bata kai tafin hannu ba ce ta jawo. Sannan kayan gyaransa kowane kamfani da girman nasa, sai yaro ya zaga kasuwa da tsohon a hannu yana gwadawa.

Famfo kuma akwai 'yar ragar nan da ake ɗaurawa a bakinsa tana gauraya ruwa da iska. A otal ko ofis inda hannu kawai ake wankewa tana da amfani sosai. Amma a gidan haya ba hannu ake wankewa ba, bokiti ake cikawa da jarka da tukunya. Bokitin lita 20 lita 20 zai ci ko ta wane famfo ruwan ya fito. Idan famfo yana bada lita 12 a minti bai kai minti biyu ba ya cika, idan ka mayar da shi lita 4 sai minti biyar. Yanzu ka lissafa gida mai iyali goma, an kawo wuta an kunna sumo na awa ɗaya ko biyu, kowa ya jera bokitansa, yara za su makaranta magidanta za su kasuwa. Wadda take ƙarshen layi ba zata samu ba, dole ta kira ɗan garuwa ta biya da kuɗinta. Ga ragar tana toshewa da yashi, ƙarshenta wani ya sa filaya ya ɓalle ta ya lalata zaren bakin famfon gaba ɗaya.

Kuma gaskiya mutanen nan ba su ne masu ɓarnar ruwa ba. Wanda yake sayen jarka da kuɗinsa ya fi kowa sanin darajar ruwa, alwala da buta ɗaya, wanka da rabin bokiti, ruwan ɗaurayar wanki a zuba a banɗaki. Ruwan da ke salwanta a gidajen nan a ƙarƙashin ƙasa yake tafiya ta fashewar fayif, ko tankin sama ya cika yana ambaliya saboda bawul ɗinsa ya mutu ba wanda ya kula.

Shawa ba zan daɗe a kanta ba. Duk tsayin mita 10 na tanki shi ke bada ƙarfin ruwa awo ɗaya da ake kira 'bar', tankin da ke mita 3 sama da kan shawa kaga ko kashi ɗaya cikin uku bai cika ba, su kuma kawunan shawa masu rage ruwa da ƙarfin da ya ninka haka sosai aka gwada su. Ka saka shi a nan sai ɗiga, mutum da sabulu a ido. Kowa ya koma bokitinsa.

Ɓangaren wuta ya ɗan bambanta, don ƙwan LED da gaske yana ragewa, mai wat 9 yana bada hasken da tsohon ƙwai mai wat 60 yake bayarwa. Idan yana kunne awa 6 kullum kusan yunit 9 ya rage maka a wata, ƙwai ɗaya kenan. Matsalar ita ce wa zai ci ribar? A gidajen nan mita ɗaya ce ga kowa, wasu ma ba mitar sai bil na ƙiyasi, kuma kiyateka yana raba kuɗin ne da yawan ɗakuna ko yawan soket da ƙwai. Don haka wanda ya sayi ƙwai mai tsada da wanda yake kunna hita da risho na wuta kuɗinsu ɗaya a ƙarshen wata. Ta yaya zaka ce wa mai tura baro ya sayi ƙwai mai kyau a haka?

Sai wayarin. Wutar da ya kamata ta zo da ƙarfin bolt 230, a unguwannin da taransufoma ta yi wa mutane kaɗan sai ta faɗo ƙasa sosai da magariba. Tsohon ƙwai ja zai yi amma yana nan, LED mai araha kuwa ƙiftawa zai dinga yi har ya mutu, saboda ɗan allon da ke cikinsa baya jure hawa da saukar wuta da zafin ɗakin kwano a watan Afrilu. Idan kuma wayar nutural, wato wadda wuta take komawa ta cikinta, ta tsinke a gida mai layi uku wuta tana iya hawa ta doshi 400, duk abin da ke kunne ya tafi. Akwai kuma gidajen da tun asali aka ɗora makunni a kan nutural maimakon waya mai rai, sai ka kashe fitila ka ga tana ɗan haske cikin dare, mutane su tsorata, alhali alama ce cewa wuta tana nan a mariƙin ƙwan ko an kashe, kuma wannan haɗari ne ga duk wanda zai canja ƙwai. Shi kuma ƙwai mai murɗe ɗin nan da ake cewa enaji seba akwai sinadarin makuri a cikinsa, idan ya fashe a ɗaki a fitar da yara a buɗe taga, kada a kwashe da hannu tsirara.

Idan mai gida ya zo na kan ce masa, Alhaji ranka ya daɗe a bari mu fara buɗe cemba mu ga yadda ruwa yake gudu, mu rufe duk famfunan gidan mu sa alama a tanki mu dawo da safe mu ga ko ya ragu. Idan layin ƙasa ya lotsa a fasa a gyara gangarar tukuna, in ba hali a bar tsohon tankin masan a canja masa kayan ciki kawai. Banɗakin da mutum ashirin suke shiga na tsuguno ya fi masa, baya karyewa kuma bokiti yana wanke shi tas. Famfon tsakar gida a bar shi a buɗe da ƙarfinsa, ragar a kai ta wurin wanke hannu. A wuta kuma kafin a sayi ƙwai ko ɗaya a gyara nutural da makunnai, sannan a sa wa kowane ɗaki 'yar ƙaramar mitarsa, a nan ne zaka ga mutane da kansu sun je sun sayo LED ba wanda ya ce musu.

Wasu suna yarda, wasu su ce na cika tsawaita aiki su nemo wani ya ɗaura musu a yini ɗaya. Waɗanda suka yarda ina roƙonsu abu ɗaya, a rubuta a takardar haya cewa robar tanki da bawul da yasar layi na mai gida ne, don a yanzu idan masai ya toshe 'yan haya ake sa wa karo karo, su da ba a tambaye su ba ranar da za a canja.