Kofi Biyu da Suka Koma Huɗu

Lokacin da na fara aikin jinya a sashen waɗanda aka yi wa tiyatar rage ƙiba, tambayar giya ce nake yi wa riƙon sakainar kashi. In mutum ya ce jefi-jefi yake sha, sai in rubuta in wuce batun abinci. Ban san ma'aunin da yake tunƙaho da shi ya tashi daga aiki tun ranar da aka fito da shi daga ɗakin tiyata ba.

A tiyatar Roux-en-Y, wani nau'in tiyatar rage ƙiba, tumbi 'yar jaka ake mayar da shi, ba ta fi ƙwai ba, a haɗa ta da ƙaramin hanji kai tsaye. Da, tumbi ke tsare barasa ya riƙa sakinta sannu a hankali. Yanzu babu mai gadin ƙofa, zarcewa take yi cikin jini. Wani bincike na Jami'ar Washington da ke St. Louis a 2015 ya nuna matan da aka yi wa aikin, barasar jininsu kan kai kusan ninki biyu na waɗanda ba a yi wa ba, kuma cikin 'yan mintuna. Kofi biyu tamkar huɗu ke nan. Wanda aka cire wa kusan kashi 80 cikin 100 na tumbi ma bai tsira ba.

Ƙwaƙwalwa ce ke fara biyan bashin. Hankali ya rarrabu, ƙafa ta yi nawar taka birki, a faɗa maka magana yanzu ka neme ta ka rasa. Abin da ya fi ba ni tsoro shi ne mutum da tsohon lissafinsa yake yanke hukunci: ai na saba, kofi ɗaya ba ya hana ni tuƙi. Ga barasa tana hana hanta sakin sukari, ga ciki babu komai, sai jiri da ruɗewa su ƙaru.

Amma babban darasin daga kuskurena ya fito. Wani mutum ya dawo wata uku bayan aiki, yana tangaɗi, ya karanta layi ɗaya na fom har sau uku, ya kasa tuna ranar da aka yi masa tiyata. Matarsa ta ce ya kwana biyu yana amai, kuma ya koma sha. Ni kuwa har na gama yanke masa hukunci a zuci: buguwa ce. Likitar da nake ƙarƙashinta ta ɗaga yatsa a gaban fuskarsa ta ce, "Malam, bi yatsana da ido." Idanun suna ta rawa gefe da gefe. Ƙarancin bitamin B1 ne, ciwon da ake kira Wernicke. Ajiyar jiki ta wannan bitamin ba ta wuce mako biyu zuwa uku, amai na kwashe ta, barasa na hana hanji tsotsar sabo. Da na sallame shi ya je ya wartsake, da mantuwar na iya zame masa ta har abada. Nan take aka sa masa bitamin ɗin ta jijiya.

Tun daga ranar na sauya tambaya. Wane iri, kofi nawa, yaushe rabonka da abinci kafin ka sha, wa ya tuƙa motar? Kuma ina maimaita ta har a shekara ta biyu bayan tiyata, don binciken da aka buga a Amurka a 2012 a nan ya ga matsalar shaye-shaye ta ƙaru, lokacin da kowa ke taya mutum murnar ramewa.